Kirim ɗin sitiroyid da ake sirkawa a famasi: wa ya san shi?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 4 ƙaiƙayi ya hana shi barci, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu duk sun bushe sun tsattsage. Likita ya ce ekzima ce, ya rubuta betamethasone, wani kirim ɗin sitiroyid mai rage kumburi da ƙaiƙayi, da za a sirka mana a famasi. Wallahi ina tsoron sitiroyid a jikin yaro.

Kakar Yara: Wa alaikumussalam 'yata, Allah ya ba shi lafiya. Tunda likita ya gani da idonsa, ki karɓa. Amma kada ki bar shafa masa mai marar turare safe da yamma, ko bayan fatar ta lafa.

Baban Yara: Mu Dermovate muke cakuɗawa da man shafawa a gida, kuma yana saurin aiki.

Mai Harhaɗa Magani: Malam, don Allah ku daina. Dermovate clobetasol ne 0.05%, yana ajin sitiroyid da ya fi kowane ƙarfi. In aka daɗe ana shafa shi fata takan yi siriri, nankarwa ta fito, wurin ya yi haske. Kuma sirki ba ya rage ƙarfi daidai da lissafi: an sirka kashi 1 cikin 4 ba ya nufin saura rubu'in ƙarfin. In man bai dace ba maganin kan lalace, sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta tsirowa a ciki ma ya yi rauni. Shi ya sa ko na famasi wa'adinsa gajere ne, a duba ranar da aka rubuta a jikin robar.

Hajiya, ki tambayi likita ko Betnovate RD zai wadatar. Shi ma betamethasone ne, amma kamfani ne ya riga ya sirka shi daga 0.1% zuwa 0.025%. Fuska kuwa an fi farawa da hydrocortisone 1%, sitiroyid mai sauƙi.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. To yaya zan san yawan da zan shafa?

Mai Harhaɗa Magani: Abin da ya cika gaɓar ƙarshe ta yatsanki manuniya, kusan rabin giram ke nan, ya isa wuri mai faɗin tafukan hannunki biyu. Inda ciwon yake kaɗai. In roba ce mai faɗin baki, ki ɗiba da cokali mai tsabta.

Anti Nas: In kin ga ruwan rawaya yana ɓamɓarewa a wurin, ko tabo mai zagaye irin na makero, ki koma asibiti kafin ki ci gaba, don sitiroyid yana ƙara wa makero faɗi.