Maganin sikila na dala miliyan 2.2: wa aka yi wa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Tun watan Disamban 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Casgevy, maganin da kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics suka samar domin gyara ƙwayar halittar masu sikila, amma aka yanka masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ni kuwa ko kuɗin maganin sikila na hydroxyurea da ɗana yake sha da ƙyar nake haɗawa. Idan wannan ba zalunci ba ne, mene ne?

Alaramma: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya, amma ki janye kalmar "gyara". Abin da aka yi kuskure a kansa ake gyarawa, halittar Ubangiji kuwa babu kuskure a cikinta.

Malamin Jinya: Allah gafarta Malam, ba siffar mutum ake sauyawa ba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majiyyaci, a rage aikin wata ƙwayar gado mai suna BCL11A domin jiki ya koma yin irin jinin da jariri yake yi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje, sannan a mayar masa da su bayan an share ɓargonsa da magani mai ƙarfi da kan iya hana haihuwa. Idan ɗorin karaya gyara ne, me ya hana wannan?

Alaramma: Mai ɗori mayar da ƙashi yake yi inda Allah ya ajiye shi, waɗannan kuwa abin da aka haifi mutum da shi suke taɓawa.

Ɗan Fagge: Ku bar batun kalma. A nan Kano kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, yara 11 suka rasu. Duk kanwar ja ce.

Malamin Jinya: Yallaɓai, wancan kamfani daban ne, kuma wannan magani ko kawo mana shi ba a yi ba.

Ɗan Fagge: Dama ku ma'aikatan asibiti kullum kuna bayan Turawa.

Uwar Biyu: Jama'a, ni fa a kan farashi na yi tambaya.

Shugaban zaure: Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu mun gamsu da hujjar Alaramma, kuma Ɗan Fagge ya tuna mana tarihin da bai kamata a manta ba. Bayanin Malamin Jinya ya yi tsawo, kuma da bakinsa ya ce maganin share ɓargon kan iya hana haihuwa. Tunda Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024, ban ga abin da ya rage a tattauna ba. An rufe wannan batu.