Zuwa Maraɗi ta Jibiya da mota: wace takarda ake nema yanzu?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗaurin aure a Maraɗi nan da sati biyar. Daga Kano zan tashi da motata, ni da maiɗakina da Hajiyarmu da ɗan yayana mai shekara tara. Fasfona ya ƙare aiki, su kuma ba mai komai sai NIN. In sabunta fasfo ne, ko ƙaramin littafin tafiya na ECOWAS ya wadatar? Motar kuma, in shiga da ita ko in ajiye ta a Jibiya?

Ɗan Illela: Wa alaikumus salam. Ka biyo ta Illela ka faɗa Ƙonni, nan ta fi sauƙi.

Mai Golf: Mutum yana Kano zai je Maraɗi, ka ce ya zagayo ta Sakkwato? Ka ce kawai ya kawo maka tsaraba.

Tsohon Ma'aikaci: Baban Khalifa, a da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka zaman kwana 90 ba biza, da fasfo ko da littafin tafiya. To Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Ƙasashen uku sun ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, amma sun riƙe ikon mayar da wanda suka ga dama. Tun farkon 2025 ake kawo rahoton mayar da masu ƙaramin littafin. Shawarata ku manya ku yi babban fasfo. NIN ba takardar tsallaka iyaka ba ce, sharaɗin yin fasfo ce kawai. Kafin ka biya, ka duba suna da ranar haihuwa a NIN, su zo daidai harafi da harafi da abin da za ka cike. Bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya tsayar da aikin, kuma gyaransa na iya cinye sati biyar ɗin nan.

Hajiya Mai Atamfa: Dubu hamsin ne mai shafi 32.

Tsohon Ma'aikaci: Hajiya wannan farashin 2024 ne. Daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma dubu 100, mai shafi 64 na shekara goma dubu 200. A shafin hukumar shige da fice ake biya, ba a hannun ɗan kamasho ba.

Mai Golf: Dubu ɗari sau huɗu? Ango ma bai kashe haka ba. Ka jira jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, ka je sunan ɗan fari.

Malamar Asibiti: Kun manta katin rigakafin zazzaɓin shawara, ruwan ɗorawar nan, kuma shi ake fara tambaya. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka a yi ta cikin satin nan. Sau ɗaya ake yi a rayuwa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke maganar sabuntawa duk shekara goma. A ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ake karɓar na gaske, akwai lambar da ake dubawa da waya. Na bakin tasha wanda ake cikewa ba allura, takarda ce kawai. In Hajiya ta haura sittin kuma ba ta taɓa yi ba, likita ya duba ta tukuna, in ya ga bai dace ba ya rubuta mata takardar uzuri. Haka mai juna biyu. Yaron kuma tun da ba naka ba ne, riƙe takardar haihuwarsa da wasiƙar amincewar mahaifinsa mai sa hannu da lambar waya.

Direban Layi: Duk wannan karatun ofis ne. Ku bari in gaya muku yadda ake wulaƙanta mai cikakkiyar takarda. A sauke fasinja a rana, a tattara takardun kowa a shige rumfa da su. Mai fasfo ya biya, marar fasfo ya biya, mai katin allura a ce masa rubutun ya goge. Ka nemi rasit, naka ya koma ƙasan tari, mota ta cika da masu zaginka don ka ɓata musu lokaci. Tsohuwa da jika a baya a bar ta tsaye har la'asar. Ka wuce wannan shinge, kafin ka sa giya ta huɗu ga wani. Wace yarjejeniya? Wa ya taɓa karanta ta a bakin igiya?

Tsohon Ma'aikaci: Wanda aka buga wa hatimin fita da na shiga yana da bakin magana. Wanda ya bi ta hanyar daji a kan babur, in jandarma suka tare shi bayan Ɗan Issa, me zai nuna?

Direban Layi: Alhaji kai daga bayan tebur ka san boda, mu daga bayan sitiyari.

Ba Maraɗe: Ku yi haƙuri, ku dawo ga maganar mota. Wajen duwan namu, wato kwastan na Nijar, za a ba ka lasefase, takardar izinin shiga da mota ta 'yan kwanaki, a rubuta lambar mota da ta shasi. Ka duba lambobin kafin ka tashi, kar ka wuce kwanakin, kuma ka maido takardar ranar fita. Su lasisin tuƙi da takardun mallaka su zama da sunanka, in ba haka ba ka zo da wasiƙar mai ita. Ka tambayi kamfanin inshorarka takardar Brown Card, wato inshorar mota ta ƙasashen ECOWAS, su tabbatar maka tana aiki wanga gefe. Ka taho da 'yan jikkuna na sefa, kuɗin Nijar, na canji, ba a karɓar taransifa a bakin hanya.

Mai Golf: Ka kuma riƙe takardar biyan kwastan ta motar. A 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, in ba ka da ita a dawowa sai a ce daga Kwatano ka ɗauko ta.

Hajiya Mai Atamfa: Jikkunan nan su ne ciwon. Canjin Wapa daban, na Jibiya daban, ka shiga kasuwar Maraɗi ka ji wani. Kuma in sefar ta ɗan yage ko ta tsufa, sai ɗan canji ya ce zai rage.

Direban Layi: Ai naira ma haka suke mata a can, tsohuwar ɗari biyar ba mai taɓa ta.

Ɗan Illela: A Ƙonni ana karɓa.

Baban Khalifa: Na gode jama'a. To yaron fa, shi ma sai an yi masa fasfo, ko wasiƙar ta isa?

Hajiya Mai Atamfa: Wai nawa aka rufe jikka yau a Wapa?