Ya aka yi maganin da ke kwaikwayon homon yake rufe aikin homon ɗin?

Ɗalibar aji uku:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min abin nan ya ɗaure min kai tun jiya. An koya mana GnRH, homon da ƙwaƙwalwa ke saki, shi ne ke sa fituwitari (wata 'yar ƙaramar gaɓa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa) ta saki wani homon mai suna LH, LH kuma ya sa jiki ya samar da testosteron, wato homon na maza, to amma sai ga shi mai kansar furostet ana ba shi leuprolide wanda kamar GnRH ɗin yake, wai don a rage masa testosteron. Ba ƙaruwa ya kamata ya yi ba?

Tsohon ɗalibi:
Wa alaikumus salam ƙanwata, ai ƙaruwar yake yi da farko, satin farko testosteron hawa yake sai bayan sati 2 zuwa 4 ya faɗi ƙasa warwas. Dalili kuwa ƙwaƙwalwa ba ta zuba GnRH kamar famfo, kaɗan-kaɗan take sakinsa ta ɗan dakata ta sake, shi kuma maganin ba ya dakatawa, sai ƙwayoyin fituwitari su rage risefta ɗin da ke jikinsu, wato masu karɓar saƙon homon, su daina amsa kira. Wani masanin kimiyya mai suna Knobil ya nuna haka a birai a 1978, da aka ba su GnRH a jere LH ya sauka, da aka koma ba su duk awa ɗaya ya dawo. Wallahi gwajin nan har yau yana burge ni.

Mai harhaɗa magani:
Ni a risefta na adirenalin na fi gane abin. Idan kira ya yi yawa wani enzayim GRK yana manna wa risefta fosfet a wutsiyarsa ta ciki, sai wani furotin mai suna arrestin ya zo ya kama shi ya toshe saƙon, daga nan a janye risefta ɗin cikin ƙwayar, ko a wanke shi a mayar waje ko a kai shi laisosom, wurin narkar da shara a cikin ƙwayar, a narke. Amma ki kiyaye a jarabawa, risefta na GnRH a jikin mutum ba shi da wannan wutsiyar, shi ya sa janye shi ciki a hankali yake tafiya.

Kuma akasin haka ma na faruwa, wanda ya daɗe yana shan propranolol, maganin hawan jini da ke toshe risefta na adirenalin, zuciyarsa ƙara risefta take yi, in ya daina rana ɗaya bugun zuciya ya tashi jini ya hau, don Allah kar kowa ya yanke shi ba da sanin likita ba.

Ɗalibar aji uku:
Allah ya saka da alheri! To ciwon suga nau'i na 2 ma haka ne kenan?

Tsohon ɗalibi:
Amin. Da ɗan kama, insulin in ya yi yawa a jini kullum risefta na raguwa, sai dai yawancin matsalar can ciki take bayan risefta ya karɓi saƙo, hanyar da ke kai saƙon ga GLUT4, wato ƙofar shigar suga cikin ƙwaya, ita ce ke yin rauni, sai ƙofar ba ta fitowa yadda ya kamata.