Talotalona suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ku taimaka mini da shawara

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Ƙofar Marusa, nan Katsina. Farkon damina maigida ya samo mini ƙwan talotalo guda 9, na sa wa kazata mai kwanci, bayan kwana 28 ta ƙyanƙyashe 7. Yanzu watansu biyu, tare suke kiwo da kwana da kajina a akurki ɗaya. Kullum da safe in na gama sharar tsakar gida nakan zuba musu dusa da tsaki da ƙanzon tuwon jiya, su yi ta bina har wurin wanke-wanke. Satin da ya wuce ɗaya ya daina zuwa, ya rakuɓe jikin bango fukafukai a sake, kashinsa ruwa-ruwa rawaya kamar ƙwaiduwa. Kwana uku ya mutu, shekaranjiya wani ya bi shi. Yau da safe na ga na uku ya fara. Akwai kuma wata mai ƙuraje a kai da gefen ido. Kajin kuwa garau suke. Hanifa har kuka ta yi, don ita ke ba su ruwa. Me zan yi?

Hajiya Inna:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya mayar da alheri. Mu a Daura gautan kaji muke dakawa da ɗan barkono mu sa a ruwan shansu, ƙurajen kuma mu shafa manja. Ɗan talotalo dama ba ya son raɓa, kada ki sake su sai rana ta ɗaga.

Abban Sadik:
Hajiya, maganar raɓa gaskiya ce, amma gautan kaji ba zai tsayar da wannan ba. Maman Hanifa, amsar tana cikin bayaninki: kaji lafiya, talotalo na mutuwa, kashi rawaya. Wannan alamar cutar da ake kira baƙin kai ce, kodayake sau da yawa kan ba ya yin baƙi. Wata ƙwayar cuta ce da ke ɓuya cikin ƙwan tsutsar cikin kaji. Kaza tana ɗauke da ita tana harkarta, ta yi kashi, talotalo ya tsattsaga a wurin ya haɗiye, sai ta ci masa hanji da hanta. Ƙwan tsutsar yana daɗewa a ƙasa fiye da shekara, kuma tanar da ke fitowa da damina ita ma tana ɗaukarsa. Ki duba inda ruwan wanke-wankenki ke kwanciya, na tabbata can suka fi zama.

Yau ɗin nan ki raba su da kajin, ba gobe ba. Ki sa su inda kaji ba su taɓa kwana ba, in da hali a kan siminti ko akurki mai ƙafa da waya a ƙasa, kashin ya riƙa zubowa. Kwanon ci da na sha kowa da nasa. Mara lafiyan ki ware shi daban, ki kai shi asibitin dabbobi. In wani ya sake mutuwa kada ki yar, ki kai a buɗe cikin; in an ga hanta da tabo zagaye-zagaye kamar an ɗora kwabo, to ita ce. Kajin ma a ba su maganin tsutsa, don su ne rumbun cutar.

Maman Hanifa:
Na gode Abban Sadik. Wallahi a bakin makwararar suke yini. To ita kazar da ta ƙyanƙyashe su fa? Har yanzu suna binta.

Abban Sadik:
A wata biyu sun wuce buƙatar ɗuminta. Za su yi kuka kwana biyu su haƙura.

Anti Bilki:
Ƙurajen kan daban ne da wancan ciwon, ƙyandar kaji ce, sauro ke yaɗa ta, shi ya sa ta fi yawa da damina. Ba ta da maganin kashewa, sai dai jinya. Ni aidin nake ɗigawa a auduga in shafa safe da yamma, ban da cikin ido, kuma ba na ɓamɓare ɓawon. Abin tsoro shi ne in ta rufe ido ko ta shiga baki, tsuntsun ya kasa ci. Tsohon gidan sauro na yara na yanka na lulluɓe akurkina da shi. Akwai rigakafinta, akwai na farin kashi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin su. Kwalba ɗaya ta yi wa gida ɗaya yawa, ku haɗu da maƙwabta ranar da za a fasa.

Malam Na-Rimi:
Ni abincin ne ya tsaya mini. Dusa da tsaki ba sa riƙe ɗan talotalo, ya fi ɗan tsako buƙatar abinci mai gina jiki, a makonnin farko kusan kashi 28 cikin 100 na abincinsa. In buhun abincin kamfani ya yi tsada, ki haɗa da dafaffen ƙwai, gara, soyayyen waken suya da ganyen zogale. Ƙuli-ƙuli ma yana yi, amma ki shinshina ki duba. Wanda ya yi fumfuna guba ne gare su. A Ingila a 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu saboda tunkuzar gyaɗa mai fumfuna da aka sa a abincinsu. Ƙanzon ma in ya kwana biyu a jiƙe, ki zubar.

Maman Hanifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na share ɗakin ajiyar gawayi, ƙasansa siminti ne, na zuba ɓuntun shinkafa na mayar da huɗun can, har da mai ƙurajen, ita a kwando gefe guda. Mara lafiyan yana cikin kwali, maigida zai kai shi asibitin dabbobi in ya sauke yara a makaranta. Anti Bilki, mai ƙurajen idonta ɗaya ya fara rufewa tun azahar, in ba ta abinci a baki ne ko in bar ta ta nema da kanta?