Tsutsa mai rai ko busasshiya? Shuɗayen tsuntsaye sun tare a bayan gidanmu

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Muna jihar Bajiniya ta Amurka. Wasu shuɗayen tsuntsaye biyu masu jan ƙirji, waɗanda ake kira bulubad a nan, sun tare a bayan gidanmu. Na watsa musu gero, ko kallo bai ishe su ba, ashe ƙwari suke ci. Sanyi ya ƙarato. In sayi tsutsa mai rai ne ko busasshiya? Mai rai a firji ake ajiye ta, maigida kuwa ya ce ba za ta kwana a firjinsa ba.

Abu Sadik: Hajiya, gwada dawa.

Maman Hanifa: Malam, gero ma sun ƙi.

Kawun Ohayo: 'Yata, share geron nan yau, shi ke kiran gwara. Bara na kafa wa bulubad akwatin sheƙa, ƙofa inci 1.5 yadda ake so, aka yi ƙwai biyar. Wata safiya na buɗe, gwara ta shiga ta fasa wa uwar kai a kan ƙwanta, ta soma sheƙa bisa gawar. Jikata ta wuni tana kuka. Kuma gwarar baƙuwa ce, daga Turai aka kawo ta Amurka.

Anti Bilki: Allah sarki. Ni busasshiya nake saye, dala 12 jaka. Ki jiƙa ta da ruwan ɗumi tukuna.

Abu Sadik: 12? Wallahi 35 na gani.

Anti Bilki: Girman jaka ka duba? Kai da ka ce a ba su dawa.

Kawun Ohayo: Mai rai suka fi so, motsinta ke jawo su. Amma kaɗan, in ta yi yawa sinadarin ƙashi ke ƙaranta a jikinsu. Kada ki kama ko ɗaya cikin tsuntsayen, dokar kare tsuntsaye ta 1918 ta hana.

Sarkin Zolaya: Ki saya da dala, kurege ya yi walima.

Ɗan Argungu: Ikon Allah. Ku kuna saya wa tsuntsu tsutsa, mu jan baki ya hana mu barci. Tun asuba yara na gona suna kaɗa gwangwani, shinkafa na tafiya.

Anti Bilki: Ba a yi muku feshi ba bana?

Ɗan Argungu: Sai da suka gama ci aka soma maganarsa.

Maman Hanifa: Allah ya mayar da alheri. To ni firjin fa?