Neman shawara: allurar korona ga iyalina a jihar Jojiya ta Amurka a 2025, kemis sun ce sai da takardar likita

Maman Hanif, Atlanta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga masu aikin asibiti a cikinmu. Kowace shekara idan sanyi ya gabato, mukan kwashi gidan gaba ɗaya mu tafi kemis ɗin unguwa a yi mana allurar mura da ta korona, ba a tambayarmu komai sai katin inshora. Bana, 2025, na shiga shafinsu zan ɗauki rana, sai ga tambayoyi: kin kai shekara 65? Kina da ɗaya daga cikin waɗannan cututtukan? Da na je da ƙafata, yarinyar da ke bayan kanta ta juyo mini da allon kwamfuta, ta nuna mini cewa ko mutum ya cancanta, sai ya zo da takardar likita.

Ga yadda muke. Ni ina da juna biyu wata biyar. Maigida shekararsa 44, lafiyarsa ƙalau, tuƙi yake yi. Hanif shekara 9, yana da asma. Ƙanwarsa shekara 6, ba ta da komai. Autanmu wata 20. Sai surukata Hajiya da ta zo daga Kano taya ni zama, shekararta 68, tana da ciwon suga, kuma ba ta da inshora tunda bizar ziyara ce. Yaran suna kan Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ni da maigida muna kan inshorar wurin aikina. Abin da ya fi damuna Hajiya da Hanif. Ta ina zan fara?

Baban Ummi, Bronx:
Wa alaikumus salam. Mu nan New York ranar 5 ga Satumba 2025 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu kan umarnin da ya ba masu kemis damar yi wa duk wanda ya kai shekara 3, ba sai da takarda ba. Na ɗauka ko'ina haka ne. Allah Ya ba ki mafita.

Anti Zainab, ma'aikaciyar jinya, Maryland:
Ba ko'ina ba ne Baban Ummi, kowace jiha da dokarta. Maman Hanif, kwantar da hankalinki, bari in warware miki shi daki-daki, domin abu biyu ne suka haɗu suka cakuɗe.

Na farko, ranar 27 ga Agusta 2025 hukumar FDA mai kula da magunguna ta amince da allurar bana ga masu shekara 65 zuwa sama, da kuma waɗanda ba su kai ba amma suna da wata lalura da ke sa korona ta yi musu tsanani. Na biyu, a jihohi da dama doka ta ɗaure mai kemis da shawarar kwamitin rigakafi na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Kwamitin nan sakataren lafiya Robert F. Kennedy Jr. ya sallami mambobinsa 17 a watan Yuni ya naɗa sababbi, kuma ba su zauna kan maganar korona ba sai 19 ga Satumba. Cikin wannan tazarar ne manyan kemis suka koma neman takardar likita a jihohi fiye da goma, Jojiya na ciki. Yarinyar da kika gani ba taurin kai ta yi miki ba, lasisin kantin take karewa.

Shawarata ita ce ki daina neman ƙofa ɗaya da za ta ɗauki gidan duka. Bana kowa da tasa ƙofar.

Ke kanki, ciki yana cikin jerin laluran da CDC ta lissafa. Gaskiya ne a watan Mayu Kennedy ya sanar da cire shawarar allurar ga masu ciki marasa wata cuta, shi ya sa wasu kemis ke jan ƙafa, amma ƙungiyar likitocin mata ta Amurka tana nan kan bakanta cewa mai ciki ta yi. Kira wurin awonki, su tura takardar kai tsaye zuwa kemis ta kwamfuta, ko su yi miki a can idan suna da ita. Tunda za ki yi magana da su, ki tambayi sauran alluran ciki: ta tarin shiƙa tsakanin mako 27 zuwa 36, da ta RSV, wata cutar numfashi, tsakanin mako 32 zuwa 36. Biyun nan jariri suke karewa a watanninsa na farko.

Hanif ya cancanta kai tsaye saboda asma. Autan ne mai ɗan wuya. Yawancin kemis ba sa taɓa yaron da bai kai shekara 3 ba, kuma bana babu ta kamfanin Pfizer ga 'yan ƙasa da shekara 5, sai ta kamfanin Moderna kaɗai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a yi wa duk yaro daga wata 6 zuwa wata 23, ko lafiyayye ne, domin ƙananan nan sun fi manyan yara kwanciya asibiti da ita. Saboda haka yaran uku ki kai maganarsu wurin likitansu lokaci guda. Likita yana da hurumin da mai kemis ba shi da shi, zai iya rubuta wa 'yar shekara 6 ɗin idan kun tattauna ya ga ya dace. Sai dai ki sani, allurar yaran Medicaid ta shirin gwamnati na rigakafin yara take biyowa, kuma ba za ta iso asibitoci ba sai shugaban CDC ya sa hannu kan shawarar kwamitin. Ki ce su rubuta sunayensu su kira ki idan ta zo.

Sani Direba, Columbus:
Ni ban ga abin wahala ba. Maigidanki ya shiga shafin ya danna cewa yana da lalura, babu wanda zai ce ya kawo shaida. Kowa haka yake yi.

Malam Habibu, Houston:
Haba Sani. Mutum ya yi ƙarya a kan lafiyarsa, kuma a takardar da za ta tafi wurin kamfanin inshora? Ban yarda da wannan ba, kuma mai yiwuwa ma ba ya bukatar yin ƙaryar. Jerin nan na CDC yana da faɗi fiye da yadda muke zato. Akwai ƙiba, akwai shan taba ko da mutum ya daina, akwai ciwon damuwa, har rashin motsa jiki yana ciki. Direban da ke wuni a kan kujera daga asuba zuwa isha, ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah ko yana motsa jiki. Ƙibar kuwa lissafi ne: a raba nauyi da tsawo, a sake raba sakamakon da tsawon. Mai tsawon mita 1.75 da ya kai kilo 92 ya taɓa 30, wato ya shiga. Ya karanta jerin a natse. Idan ya samu kansa a ciki, gaskiya ya faɗa. Idan bai samu ba, ya je wurin likita ko ya ɗan jira, tunda kwamitin ya ce duk wanda ya kai wata 6 zai iya yi bayan ya tattauna da ma'aikacin lafiya.

Abu ɗaya da mutanenmu ke ruɗewa a kai: cutar sikila tana cikin jerin, amma mai AS ba mai cutar ba ne. Kada a haɗa su.

Hajiya Rabi, Greensboro:
'Yata, ni maganar surukarki zan yi, domin na riƙe tawa mahaifiyar a irin wannan hali. Shekarunta kaɗai sun isa, balle ga suga. Ba a neman takardar zama kafin a yi wa mutum allura, ki dai tafi da fasfonta saboda ranar haihuwa. Matsalar kuɗi ce. Shirin da gwamnati ta yi na ba marasa inshora kyauta ya ƙare tun Agustan 2024, kuma a wasu kemis kuɗin ya haura dala 200. Kafin ki biya, kira ofishin lafiya na gundumarku, da ƙananan asibitocin al'umma da ke yanka kuɗi gwargwadon samun mutum. A can akwai likita, zai duba sugarta ya rubuta takardar a zama ɗaya. Ki kwashi kwalayen magungunan da ta zo da su daga gida a leda ki tafi da su, domin sunayen da ke jikinsu sun bambanta da na nan, sai ya karanta da idonsa.

Amma kin tambaye ta ko tana so? Mutuniyar Kano ce mai shekara 68, ba za ta rasa tuna 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, kusan rabinsu aka ba shi, goma sha ɗaya daga cikin yaran gwajin suka rasu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba rigakafi ba, amma sunan kamfanin ya zauna a zuciyar mutane, kuma ba ni ganin laifin wanda ya tsorata. Kada ki yi mata dabara ki kai ta ba ta sani ba. Ki gaya mata akwai ta Moderna, akwai ta Novavax, ta zaɓa. Gara ɗanta ya yi mata maganar, ke kina gefe.

Anti Zainab:
Na goyi bayan Hajiya Rabi. In ƙara da cewa allurar mura wannan dokar ba ta shafe ta ba, duk wanda ya kai wata 6 zai iya yi, kuma akwai mai ƙarfi ta musamman ga 'yan 65 zuwa sama. Kada ku riƙe ta kuna jiran ta korona. Batun inshorarku kuwa, ƙungiyar kamfanonin inshora ta ce mambobinta za su ci gaba da biya har ƙarshen 2026, amma ki kira lambar da ke bayan katinki ki ji daga bakinsu, ki rubuta sunan wanda ya amsa miki da ranar.

Maman Hanif:
Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci. Na kira wurin awo, sun ce za su tura takardata kemis. Likitar yara ta rubuta su ukun, amma ta autan ba ta iso ba tukuna. Maigida ya yi wa Hajiya magana bayan magariba, ta ce ta yarda amma ta Moderna take so. Shi kuma ya tuna ya sha taba kafin mu yi aure, don haka tare za su je asibitin al'umma ɗin. Anti Zainab, Hanif yana ɗan tari tun jiya, babu zazzaɓi. In kai shi ta murar ranar Asabar ko in bari ya warke?

Anti Zainab:
Ɗan tari ba tare da zazzaɓi ba baya hana allura. Amma idan ƙirjinsa yana shaƙewa, ko yana yawan neman abin shaƙarsa fiye da yadda ya saba, likita zai fara gani. Ki gaya wa mai kemis yana da asma, allura za a yi masa, ba ta fesawa a hanci ba.