Baba zai dawo gida daga Birtaniya, yaya batun fanshonsa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya daɗe yana aiki a Birtaniya, yanzu ya yi ritaya, sanyin ƙasar ya ishe shi, yana son ya tattaro ya dawo Kano gaba ɗaya. Wani ya ce masa da zarar ya bar ƙasar za a yanke masa fansho. Don Allah wanda ya san kan abin ya ba mu haske kafin Baba ya saki gidan hayarsa.

Wata 'yar uwa daga Landan: Wa alaikumus salam. Fanshon gwamnati ba a yanke shi, duk inda mutum ya koma ana biyansa. Ƙarin da ake yi kowane watan Afrilu ne zai rasa. Masu zama a ƙasashen Tarayyar Turai, Amurka, Jamaika da Filifin suna samun ƙarin, amma Najeriya da Ghana, kai har Kanada da Ostareliya, babu. Adadin da ya tafi da shi, a nan zai tsaya. A 2023 an ƙara kashi 10.1 cikin 100, a 2024 kashi 8.5, ka ga ba ƙaramin abu ba ne.

Wani ɗan uwa: Ni dai ban ga abin damuwa ba. Fam ne fa, in aka canza shi zuwa naira ai ya wadatar da dattijo a Kano.

'Yar uwar Landan: Yau ya wadatar, Malam. Bayan shekara 10 fa, ga kuɗin magani da asibiti? Wanda ya bar zama a Birtaniya ba ya cikin masu jinya kyauta a asibitocin NHS, wato na gwamnatin Birtaniya.

Wani dattijo: Ɗana, tambayi Babanku ko yana karɓar tallafin Pension Credit, wato ƙarin kuɗin da gwamnati ke ba tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi. Wannan kam tsayawa yake yi idan mutum ya wuce mako 4 a waje, kuma wasu da shi suke cike giɓi. In ba shi da fasfon Birtaniya, takardar zama ta dindindin tana mutuwa bayan shekara 2 a waje. Ya kira ofishin International Pension Centre, mai kula da fanshon mazauna ƙasashen waje, ya sanar da su sabon adireshi, don sukan aiko takardar tabbatar da yana raye, in ba a mayar ba su dakatar da biya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba. Pension Credit ɗin kuwa mahaifinmu yana karɓa. Bari mu zauna mu yi lissafi tukuna.